Hannu ɗaya, aiki biyu: karatuna a Santambul

Assalamu alaikum. Ni ɗan Marwa ne, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kuma gidanmu gidan dukawa ne tun kaka da kakanni. Ƙannenmu da yawa suna turo mini saƙo suna tambayar yadda aka yi na samu karatu a ƙasar waje, amma da wuya ka ga wanda ya tambayi yadda zaman can ya kasance. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in ba da labarin zaman, ko Allah zai sa ya amfani wani.

Tun ban isa shiga makaranta ba nake wuni a gindin Baba, a rumfarsa da ke cibiyar masu sana'ar hannu, daf da babbar kasuwa. Aikina na fari shi ne miƙa basilla da tsince guntayen fata. Da na ɗan tasa aka lura hannuna ya faɗa a zane, sai Baba ya sakar mini fitar da fasalin ado a kan kwali kafin a ɗora a kan fata a yanka. Tumtum muke yi, da takalma, da zabira, da kube, da gafakar Alƙur'ani. Fatar daga wajen majeman garinmu take zuwa, an jeme ta da bagaruwa, mu kuma mu rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. A lokacin, da zarar sanyi ya shigo, Turawa 'yan yawon buɗe ido za su cika gari. Wasu za su gandun dajin Waza kallon giwaye da raƙuman dawa, wasu za su duwatsun Rumsiki, kuma duk wanda ya bi ta Marwa sai ya tsaya a rumfunanmu. Abin da Baba ya samu a waɗannan watanni shi muke ci har damina.

A watan Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga, bayan sun fito daga Waza. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke. A Yulin 2015 kuma bama-bamai suka tashi a cikin Marwa kanta, a kasuwa da unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da ita, bayan 'yan kwanaki wani ya sake tashi. Allah ya tsare gidanmu, ba mu rasa kowa ba, amma sana'ar ta durƙushe. Sai ka ga tumtum ya shekara a rataye, ƙura ta cinye launinsa. Dukawa da yawa suka koma achaɓa ko tallan kayan gwanjo. Baba bai bar rumfa ba, ya koma ɗinkin laya da gyaran takalma, ga shi kuma idonsa ya fara yin yana, zaren ma sai na zura masa.

Na ci jarabawar bakaloriya, ta kammala sakandare, a 2018. Kuɗin shiga jami'a babu, don haka na zauna a rumfa. Wani abokina ne ya nuna mini cewa gwamnatin Turkiyya tana ba da tallafin karatu, ana cike takardun ta intanet a farkon shekara. Na je shagon kwamfuta na cike, na haɗa da hotunan ayyukan da na yi da hannuna, na zaɓi fannin fasahohin gargajiya. Aka kira ni ganawa a Yawunde, bayan wani lokaci sakamako ya fito an ɗauke ni.

Murnar gida ba ta zo kai tsaye ba. Kawu, wan Inna, shi ya fara magana: “Yaran mutane suna tafiya karatun likita da injiniya, kai kuma za ka ƙetare teku don ka koyi abin da ke rumfar ubanka?” Damuwar Baba daban ce. Ya kira ni bayan isha'i ya ce, “Abin da nake so in ji, ba gumaka za su sa ka sassaƙa ba?” Na yi masa bayani cewa sashen da na zaɓa na rubutun hannu ne, da adon littafi, da ɗaurinsa da fata. Bai ce komai ba sai da ya je ya shawarci limamin unguwa, sannan ya dawo ya sa mini albarka. A watan Satumban 2019 na hau mota zuwa Ngaundere, na kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga can jirgin sama ya sauke ni a Santambul.

Shekarar farko ta koyon Turkanci ce. Ina tsakiyarta korona ta shigo ƙasar a watan Maris na 2020, aka rufe makarantu, karatu ya koma ta waya. Haka na shiga ajin farko na jami'a ban taɓa taka ɗakin aikin sashenmu ba. Malami yana nuna yadda ake riƙe wuƙa ta cikin kyamara, ni kuma ina kwaikwayo a kan teburin ɗakin kwana, da wani guntun marmara da na roƙa a inda ake gini. Sana'ar hannu ba ta shiga ta ido kaɗai, duk ɗan baduku ya san haka, don haka shekarar ta wuce mini da nauyi a zuciya.

Sai a ƙarshen 2021 muka koma aji sosai, kuma ranar da na fara shiga ɗakin ɗaurin littafi warin fata ne ya tare ni tun daga ƙofa. Sashen ya ƙunshi masu rubutun hannu, da masu ado da ruwan zinari, da masu tangaran ɗin bango, da masu saƙar darduma, da mu masu ɗaurin littafi. A wajenmu a gida, Alƙur'anin hannu warƙa-warƙa yake, ba a ɗinke shi, ana sa shi tsakanin bango biyu a ɗaure da tsirkiya a zura cikin gafaka. Su kuwa ɗinkewa suke yi, su yi masa bango mai harshe da ke lanƙwasowa ya rufe bakin takardun, a tsakiyar bangon kuma a danna tambarin ado mai siffar rana da ƙarfen da aka sassaƙa. Kafin a kai ga nan sai an fere fatar. Za ka shimfiɗa ta a kan marmara, bayanta a sama, ka riƙa tura wuƙa a kwance kana rage mata kauri, har gefenta ya koma siriri ta yadda in ka ɗaga ta sai ka hango haske. Wuƙar ta ɗan miƙe kaɗan, fata ta huje, aikin wuni ya tashi a banza. Zinarin kuma ganye ne, ana zuba shi a kwano da ƙaro a yi ta murzawa da yatsa na tsawon sa'o'i har ya zama ruwan da alƙalami zai ɗauka. Ƙaron nan da yara ke ɓamɓara a dajinmu, shi na tarar ana sayarwa a 'yar kwalba da tsada. Akwai kuma ebru, zanen da ake yi a kan ruwa mai kauri: a yayyafa launi da aka haɗa da madacin sa, a ja shi da tsinke, sannan a shimfiɗa takarda ta kwashe zanen. Da ita ake lulluɓe cikin bango. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Malaminmu dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran tsofaffin littattafai kafin ya fara koyarwa. Da ya ji daga inda na fito da kuma sana'ar gidanmu, sai ya tsayar da darasi ya shaida wa 'yan aji cewa fatar akuyar ƙasar Hausa tana cikin waɗanda maɗaura littafi suka fi so a duniya, kuma da yawa daga abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko daga Kano da Sakkwato ayari ke ƙetare Sahara da ita. Ban taɓa jin wani ya ambaci aikin iyayena a cikin aji da irin wannan girmamawa ba. Ranar na koma masauki ina jin kaina wani mutum daban.

Tallafin ya biya kuɗin makaranta, ya ba ni wurin kwana da inshorar lafiya, ga kuma ɗan abin kashewa duk wata, kuma har gobe ina godiya. Sai dai ɗalibin fasaha ba kamar sauran ɗalibai ba ne, kowane darasi da kayan da zai saya daga aljihunsa: fata, kwali mai kyau, takarda, launi, burushi, ganyen zinari. A daidai wannan lokaci kuɗin ƙasar, lira, ya fara zubewa. A Disambar 2021 dala ɗaya ta kai wajen lira 18, zuwa Oktoban 2022 kuma alƙaluman hukuma suka nuna tsadar kaya ta haura kashi 85 cikin 100 a shekara. Zinari kuwa farashinsa dala yake bi. Abin da na saya a farkon zango, in na koma a tsakiyarsa sai in tarar kuɗin hannuna rabinsa kawai zai saya. Ga gida kuma. Ba wanda ya taɓa cewa dole in aiko, amma in Inna ta ce a waya, “Maganin idon Babanku ya ƙare, amma kada ka damu,” na san abin da ake nufi.

Wata rana na bi ta Laleli, unguwar 'yan sari da ke kusa da Aksaray, inda 'yan kasuwar Afirka ke sayen abaya, kwat, takalma, labule da zannuwan gado. Ina wucewa na ji wata mata a bakin shago tana cewa da Hausa, “Wannan mutum so yake ya cuce ni, ga shi ba na jin abin da yake faɗa.” Na tsaya na gaishe ta. Ashe Hajiya ce daga Garwa. Na shiga tsakani, ashe ma ba cuta ba ce, mai shagon yana faɗin farashin dozin ne ita kuma tana zaton na guda ɗaya ne. Aka yi ciniki lafiya. Ta damƙa mini kuɗin da ya fi abin da nake kashewa a mako, ta ce, “Ɗana, ba ni lambarka.” Kafin wata ya zagayo lambata ta shiga hannun mutanen Garwa, Kusiri, Njamena, Yamai da Kano. Ina jin Hausa, Fulatanci, Faransanci da Turkanci, don haka na zama tafinta, ina samun la'ada. Daga baya wani mai shagon tura kaya, irin waɗanda ake kira kargo, ya ɗauke ni aikin yamma.

Rana takan fara mini kafin asuba. Masaukinmu yana can yammacin birni a ɓangaren Turai, makaranta kuma tana ɓangaren Asiya. In yi sallah in fita in kama metrobus, doguwar motar nan mai hanyarta ita kaɗai a tsakiyar titi, wadda ke ƙetare gadar Bosforus. Birni ne na mutum fiye da miliyan 15, kowa kuma sauri yake yi, da safe turo ka ake yi cikin motar. A tsaye nake bitar darasi, jakar kayan aiki a tsakanin ƙafafuna don kada a murƙushe mini kwali. Karin kumallo shi ne simit, burodin nan mai zagaye da riɗi, da shayi a ɗan ƙaramin kofi. In an tashi daga aji in sauka Kadikoy in shiga jirgin ruwa zuwa Eminonu, daga nan in hau taragon cikin gari ya bi da ni ta Sultanahmet da Beyazit zuwa Laleli. Zaman cikin jirgin ruwan nan shi ne kaɗai lokacin da ba wanda ke jirana, kuma sau da yawa barci ne ke kwashe ni har sai ma'aikaci ya taɓa kafaɗata. Da la'asar ina bin hajiyoyi da alhazai shago-shago. Bayan magariba kuma sai ɗaurin dila: a auna kaya, a danne su cikin buhu da gwiwa, a naɗe da leda, a zagaye da salatif ana ja da ƙarfi har sai ya ɗame, a rubuta gari da lambar mai kaya, sannan a cicciɓo dilar daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa a hau matakala da ita zuwa mota. Sai dare ya raba nake isa masauki, sannan in buɗe aikin da malami ya bayar.

Kuɗi kuwa sun shigo. Na sayi kayan karatu ba tare da na ƙirga ba, na aika na maganin Baba, na biya wa ƙannena makaranta, aka sayi buhun masakwa aka ajiye. A unguwa aka fara cewa yaron nan ya samu. Da aka sa ranar auren ƙanwata, aka ce za a yi shi bayan babbar sallar 2023, ba a ma yi shawara ba, kowa ya ɗauka kayan ɗaki daga Turkiyya za su zo, tunda wanta yana can. Ni ma na amsa, da zuciya ɗaya, don ina so in fitar da ita kunya.

Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgizar ƙasa ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, mutum fiye da dubu 50 suka rasu a Turkiyya kaɗai. Santambul tana nesa da wurin, amma ba gidan da makoki bai shiga ba, a ajinmu ma akwai waɗanda suka rasa iyaye. Aka mayar da karatun jami'o'i ta intanet, aka buɗe ɗakunan kwanan ɗalibai na gwamnati ga waɗanda suka rasa matsuguni, kuma duk mai imani ya san sun fi mu buƙata. Na koma wajen wasu 'yan'uwa 'yan Afirka a Kumkapi, muna kwana a ɗaki ɗaya mai danshi. Ga azumi yana ƙaratowa, lokacin da 'yan sari suka fi yawa. Tunda babu zuwa aji, sai na shiga aikin kargo daga safe har dare, ina tara kuɗin kayan ɗaki.

Ciwon ya fara ne a gindin babban yatsana na dama. Da fari sai da safe nake jin sa, in na motsa hannu ya saki. Daga baya ya zama ko buta na ɗaga don alwala sai na ji kamar an soka mini basilla a wuyan hannu. Na riƙa shafa man zafi ina ɗaurewa da tsumma ina ci gaba.

Da aka ba da damar komawa ɗakin aiki a watan Afrilu, malami ya ba mu ferar fata don bangon jarabawa. Na shimfiɗa tawa a kan marmara na ɗauki wuƙa. Hannun da ya san wannan aiki tun yana ƙarami sai ga shi yana rawa. Na tura sau ɗaya, wuƙa ta nutse, fata ta huje. Na matsa gaba, ta sake hujewa. Malam yana zagayawa ya tsaya a bayana, ya ɗauki fatar ya ɗaga ta sama, ya ga ramukan. Bai yi faɗa ba. Ya ce, “Miƙo hannunka.” Ya juya tafin, ya ga kantar da salatif da igiyar buhu suka yi mini, ya danna gindin yatsan kaɗan, na yi ƙara ban sani ba. Sai ya ce, “Ɗana, me kake yi da hannun nan da dare?” Na gaya masa komai, har da maganar aure. Ya daɗe yana kallon teburin, sannan ya ce shi ba zai ce in bar iyayena da yunwa ba, amma in sani cewa maɗaurin littafi ba shi da wani jari sai waɗannan yatsu, kuma ya ga waɗanda suka rasa su suna da ƙuruciya. Ya ce in je asibiti a ranar.

Likita ya ce jijiyoyin da ke motsa babban yatsa ne suka kumbura saboda maimaita aiki ɗaya da ƙarfi. Ya sa mini abin ɗaure hannu, ya ce hutu na makonni, in kuma na koma ɗaukar kaya to maganar za ta kai ga allura, ko ma tiyata.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a duk zamana. Lissafin a fili yake. In na ci gaba da kargo zuwa sallah, kayan ɗaki za su kammala, amma zan faɗi darasin da shi ne ginshiƙin karatuna, tallafin ma yana iya tsayawa, hannun kuma ba tabbas. In na bari, abin da na tara ko rabin alkawarin bai kai ba. Na yi istihara, na yi kuka a masallacin unguwa inda ba wanda ya san ni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne idon Baba. Na ga yadda mai sana'a ke komawa in gaɓar da yake aiki da ita ta tafi, na ga yadda yake lalubar ramin allura yana ɓoye wa masu wucewa. Na san in na rasa hannu ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba auren nan kaɗai ba, duk wata hidima da za ta taso a gidanmu nan gaba ba ni a ciki.

Na kira Inna da daddare. Na ce, “Inna, ina neman gafara, kayan nan ba zan iya cika su ba.” Na faɗa mata dalili. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta ce, “Hannun yana hana ka barci?” Ita tambayarta ke nan. Amma Yaya, babbar yayarmu, ta karɓi wayar. Ta ce an riga an gaya wa dangin miji, ta ce da wane ido za su kalli mutane, ta ce dama an ce kowa ya bar gida gida ya bar shi. Na ce, “Yaya, ki yi haƙuri, ki saurare ni.” Ta kashe. Washegari Baba ya sa aka kira masa ni. Maganarsa gajera ce: “Taura biyu ba ta taunuwa. Karatu na aike ka. Ka aiko abin da ke hannunka, sauran Allah zai rufa asiri.”

Aka yi biki ba ni. Yaya ce ta kwashi adashinta ta haɗa da 'yan kunnenta na zinari, aka sayi gado da katifa a kasuwar Marwa. Na ga bidiyon kai amarya a WhatsApp, na ga ɗakin, ba laifi, amma ba shi ne abin da aka yi wa yarinyar alkawari ba. Yaya ta daɗe ba ta ɗaga wayata. Har yau ba na ganin laifinta, don ita ce ta tsaya a gaban mutane, ni ina nesa.

Abin da nake so masu shirin tafiya su riƙe shi ne, tun kafin ka hau jirgi ka zaunar da mutanen gida ka gaya musu cewa tallafin karatu ba albashi ba ne. In kuma fannin hannu za ka karanta, ka tambayi waɗanda ke can nawa kayan aiki ke ci a zango, don ba a rubuta wannan a takardar ɗauka. Mu kuma da ke gida, ya kamata mu rage ɗora wa yaran da ke waje nauyin da ba su isa ɗauka ba. Da yawansu ba za su iya cewa a'a ba, kuma na san waɗanda Laleli ta haɗiye gaba ɗaya, suka bar aji, takardar zamansu ta mutu, yanzu ba karatu, ba kuma fuskar komawa gida.

Bayan na bar kargo rayuwa ta ƙuntata, amma ta yi sauƙin numfashi. Na koma cin abincin makaranta mai araha, miyar adas da burodi. Tafinta kawai na riƙe, ita ma ranar Asabar, ba na taɓa dila. Da hannu ya warware, na riƙa zuwa Zeytinburnu, unguwar masu kayan fata, ina sayen ragowar yanka da araha, ina ɗaure ƙananan littattafan rubutu ina sayar wa ɗalibai. Sai a lokacin na samu sukunin shiga gidan adana kayan tarihin Musulunci da ke Sultanahmet, wanda na daɗe ina wucewa ta kusa da shi a tarago ban taɓa leƙawa ba. Na wuni a gaban Alƙur'anai masu ɗaruruwan shekaru ina kallon yadda aka lanƙwasa kusurwar bango, ina zanawa a littafina. Na riƙa zuwa kasuwar tsofaffin littattafai ta Beyazit, in yi sallah a masallacin Sulaimaniyya da magini Sinan ya kammala a 1557, in zauna a harabarsa ba tare da waya tana kira ba.

Da lokacin aikin kammala karatu ya zo, na ce wa malam ina so in yi wa Alƙur'ani warƙa-warƙa irin namu mazauni, ba tare da na ɗinke shi ba: bango mai harshe da tambarin tsakiya irin nasu, gafaka da saƙar tsirkiya irin tamu, kuma da fatar Marwa. Ya amince. Na kira Baba. Duk da idonsa, ya sa aka raka shi wajen majema, ya zaɓi fatun da hannu da hanci, ya mayar da waɗanda aka cika wa mai, ya tsaya a kan rinin karan dafi da kansa. Hajiyar Garwa ce ta zo mini da su a cikin jakarta, ta ƙi karɓar ko sisi. Fatar ta yi biyayya a ƙarƙashin wuƙa fiye da duk wadda na taɓa saya a can, malam ma sai da ya roƙi guda ya ajiye. Na kammala a 2024.

An yi mini tayin zama a wani shagon gyaran littattafai, na yi godiya na dawo gida. Yanzu ina rumfar Baba. An yi masa aikin ido ɗaya, yana gani daidai gwargwado, yana zama yana gyara wa yara biyu da muke koya wa riƙon wuƙa. Baƙi ba su dawo kamar da ba, don haka yawancin aikina na malamai ne: Alƙur'anan hannu da littattafan da aka gada, waɗanda gara da ruwan damina suka taɓa, ana kawo su daga cikin gari da ƙauyukan Bogo da Mindif. Kuɗin ba yawa, wani ma da addu'a yake biya. Takardar gyara mai kyau ba ta samuwa a nan, sai na jira masu zuwa sari su taho mini da ita. Muna kuma ta fama da majema kan su rage mai a fatar da za a yi bango da ita, don yana ratsawa ya ɓata takarda, wasu sun fara ganewa. Hannun yakan motsa in sanyi ya yi ko na daɗe ina fera, sai in ajiye wuƙa in ɗaure shi.

Ni da Yaya mun shirya, ranar sunan ɗan ƙanwarmu ta kira ni gefe muka yi magana mai tsawo. 'Yan kunnenta ban iya mayar mata ba tukuna, amma kuɗin adashin ina biya kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Kullum sai ta ce ba bashi ba ne, in bari. Ina kaiwa, tana karɓa, saura kaɗan in gama.